Waiwaye: Yadda kasuwar doya ta haifi unguwar Old Fadama a Accra

Tun da aka rushe filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie a birnin Accra cikin watan Yulin 2021 ake ta muhawara kan makomar mazauna Old Fadama da ke maƙwabtaka da shi, wasu na cewa a tashe su, wasu kuma a gyara musu inda suke. Galibin masu maganar suna farawa ne daga hotunan da duniya ta sani, na samari masu ƙona wayoyin lantarki cikin baƙin hayaƙi a bakin kogin Odaw domin fitar da jan ƙarfe, alhali lamarin ya girmi hotunan nesa ba kusa ba.

An taɓa kwashe mutanen Old Fadama zuwa unguwar New Fadama a shekarun 1960, sannan rikicin ƙabilanci na 1994 a arewacin Ghana ya koro jama'a da dama zuwa kudu. Waɗannan sanannu ne.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne komawar kasuwar doya wurin a farkon shekarun 1990. Daga arewa doya take zuwa cikin manyan motoci, sau da yawa da tsakar dare, kuma ba ta saukuwa sai da 'yan dako, da masu gadi, da matan da ke ɗaukar kaya a ka, waɗanda ake kira kayaye. Kasuwar ta zo da aiki amma ba ta zo da makwanci ba, kuma wanda abincinsa ya dogara ga isowar mota ba zai kwana nesa ba, don haka aka kakkafa ɗakunan katako da kwano a bakin tafkin Korle. Motocin ma sukan iso a jigace bayan doguwar tafiya, sai makanikai da masu kayan gyara suka biyo su, tsofaffin ƙarafa suka taru, cinikin gwangwan ya kafu tun kafin matattun kwamfutoci da firji su yawaita. Ƙidayar da mazaunan suka yi da kansu a 2009 ta nuna sun kusa kai 80,000.

Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 an rushe ɗakunan bakin ruwa, a 2021 kuma aka mayar da 'yan albasa, waɗanda da yawansu daga Nijar suke ɗauko kaya, zuwa Adjen Kotoku a bayan gari. 'Yan gwangwan da dama ba su bar tsakiyar birnin ba, domin nan ake samun kayan, sai suka shige lungunan Old Fadama, inda yanzu ake farfasa tsofaffin injuna a ƙofar ɗakunan kwana.