Makamashin Haɗewar Nukiliya

Makamashin haɗewar nukiliya shi ne ƙarfin da ke fita idan cibiyoyin ƙwayoyin zarra biyu marasa nauyi suka manne da juna suka zama cibiya guda. Ta haka rana da sauran taurari ke samun zafinsu da haskensu. Ya sha bamban da na tashoshin nukiliyar da ke aiki a yau, waɗanda ke fasa ƙwayar zarra mai nauyi ta yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. Tun farkon shekarun 1950 masana ke neman hanyar sarrafa shi don samar da lantarki, amma har yanzu babu wata tasha da ta taɓa tura wuta daga gare shi zuwa gidajen jama'a.

Yadda yake aiki

Man da aka fi sa rai da shi nau'i biyu ne na haidurojin, wato diyuteriyam da tiritiyam. Idan suka haɗe sai a sami hiliyam da niyutiron guda (ɗan ƙwaya marar caji da ke cikin cibiyar zarra), kuma nauyin abin da ya fito yakan ɗan gaza na abin da aka zuba. Wannan ɗan giɓin ne ke rikiɗewa ya zama makamashi, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasa niyutiron ɗin ke ficewa da shi. A tashoshin da ake zanawa, niyutiron zai daki wani bango mai kauri da ya kewaye injin, bangon ya ɗauki zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya janareto kamar a tashar kwal.

Wahalar ita ce cibiyoyin ba sa son kusantar juna, domin cajinsu iri ɗaya ne. Sai an zafafa su zuwa digiri miliyan 100 ko 150 kafin su yi karo su manne, alhali zafin tsakiyar rana kusan digiri miliyan 15 ne kacal. Ita rana matsin nauyinta ne ke cike mata gurbin. A irin wannan zafi iskar man takan koma filasma, wato iska mai caji, kuma babu tukunyar da za ta iya riƙe ta. Don haka ko dai a rataye ta da ƙarfin maganaɗisu a cikin wani ɗaki mai siffar gammo ba tare da ta taɓa bango ba, ko kuma a matse ɗan ƙwayar mai da hasken leza cikin ƙiftawar ido.

Tarihi

A 1920 masanin taurari ɗan Ingila Arthur Eddington ya kawo ra'ayin cewa rana na mayar da haidurojin hiliyam ne. A 1934 Mark Oliphant da Paul Harteck da Ernest Rutherford suka haɗa cibiyoyin diyuteriyam a ɗakin gwaji na Kambirij, sannan a 1939 Hans Bethe ya fayyace matakan da abin ke bi a cikin taurari. Amfanin farko da ɗan Adam ya yi da wannan ilimi na yaƙi ne: ranar 1 ga Nuwamba 1952 Amurka ta tayar da bam ɗin haidurojin a Enewetak, cikin tsibiran Marshal.

Neman lantarki kuwa da abin kunya ya fara. A watan Maris na 1951 shugaban Ajantina Juan Perón ya shaida wa duniya cewa wani masani mai suna Ronald Richter ya yi nasarar sarrafa haɗewar nukiliya a tsibirin Huemul. Kwamitin da ya binciki aikin daga baya ya tarar babu komai a ciki, aka rufe wurin a 1952. Sai dai labarin ya yi wani amfani da ba a zata ba. Lyman Spitzer na Jami'ar Princeton ya ji shi ne yana shirin tafiya hutu a duwatsun ƙanƙara, ya yi ta juya maganar a ransa har ya fito da zanen injin riƙe filasma da maganaɗisu da ake kira sitelareta. A Tarayyar Sobiyet kuma, wajajen 1950 zuwa 1951, Andrei Sakharov da Igor Tamm suka zana tsarin da daga baya ya zama tokamak, injin maganaɗisu mai siffar gammo. A 1955 injiniya John Lawson ya lissafa abin da ake buƙata kafin injin ya ba da fiye da abin da ya ci: isasshen zafi, isasshen cunkoson filasma, da isasshen lokacin da za ta riƙe zafin. Har gobe da wannan ma'auni ake auna kowane inji.

Duk wannan a asirce ake yinsa, kowace ƙasa na ɓoye wa 'yar'uwarta. A Janairun 1958 Birtaniya ta sanar da cewa injinta ZETA da ke Harwell ya kusa kai gaci, jaridu suka yi ta yayatawa. Ta leƙo ta koma: bayan 'yan watanni aka gano niyutiron ɗin da aka gani ba daga zafin filasmar suka fito ba, aka janye maganar. A watan Satumba na shekarar, a taron Jeniba kan amfani da nukiliya don zaman lafiya, manyan ƙasashen suka baje sakamakon bincikensu a fili, kowa ya ga cewa abin da ya gagare shi ya gagari sauran.

Sauyin gaske ya zo a 1968, lokacin da tawagar Lev Artsimovich ta bayyana a taron Novosibirsk cewa tokamak ɗinta T-3 ya kai kusan digiri miliyan 10. Masanan Yamma ba su yarda ba. A tsakiyar yaƙin cacar baka, sai Artsimovich ya gayyaci masana daga cibiyar Culham ta Ingila su zo Mosko da na'urar awonsu ta leza su duba da kansu. Suka je a 1969, suka tabbatar da alƙaluman. Daga nan dakunan gwaji a ƙasashe da dama suka koma ƙera tokamak.

Mafi shahara cikinsu shi ne JET na ƙasashen Turai, wanda ya fara aiki a Culham a 1983. A 1997 ya fitar da megawat 16 daga megawat 24 na zafin da aka cusa wa filasmar. A gwajinsa na ƙarshen 2023, gab da a yi masa ritaya, ya ba da megajul 69 cikin kusan daƙiƙa 5 daga mai mai nauyin miligiram 0.2. Da lissafin mitar gida, zafi ne da ya kai yunit 19, kuma wutar da injin ya sha ta fi haka nesa ba kusa ba.

Iƙirarin da Martin Fleischmann da Stanley Pons suka yi a Utah a 1989, cewa sun sami haɗewar cikin kwalba ba tare da zafi ba, yawancin masana ba su karɓe shi ba saboda an kasa maimaita gwajin.

ITER

Maganar gina babban inji na haɗin gwiwa, wanda ake kira ITER, ta taso ne a ganawar shugaban Amurka Reagan da na Tarayyar Sobiyet Gorbachev a Jeniba a 1985. Sai a 2005 aka tsayar da wurin, wato Cadarache a kudancin Faransa, aka sa hannu kan yarjejeniya a 2006. Mambobin su ne Tarayyar Turai, wadda ke ɗaukar kusan kashi 45 cikin 100 na kuɗin ginin, da Sin, Indiya, Japan, Koriya ta Kudu, Rasha da Amurka. Burin shi ne a sami megawat 500 na zafi daga megawat 50, ba tare da an mayar da shi lantarki ba. Kowace ƙasa takan ƙera nata sassan ta aiko, tsarin da ya raba ilimin amma ya jawo jinkiri. Kuɗin da aka ƙiyasta da farko, kusan Yuro biliyan 5, ya ninka sau da yawa. Jadawalin da aka fitar a 2024 ya ɗage fara bincike zuwa wajajen 2034, gwaji da tiritiyam kuma zuwa 2039.

Halin da ake ciki

Ranar 5 ga Disamba 2022, a cibiyar Lawrence Livermore ta Kalifoniya, leza 192 suka haska ɗan ƙwanson mai wanda faɗinsa bai wuce milimita 2 ba. Megajul 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito, karo na farko da aka sami riba a ɗakin gwaji. Amma lezar sun ja kusan megajul 300 daga layin wuta, kuma ainihin aikin na'urar shi ne binciken makaman nukiliyar Amurka. A farkon 2025 injin EAST na Sin ya riƙe filasma daƙiƙa 1,066, WEST na Faransa kuma 1,337.

Kamfanoni masu zaman kansu sun shigo da biliyoyin daloli. Commonwealth Fusion Systems na gina tokamak mai suna SPARC a Massachusetts, Helion kuma ya ƙulla yarjejeniyar sayar wa Microsoft wuta daga 2028, wa'adin da masana da yawa ke shakkarsa.

Abin da ya rage a warware

Diyuteriyam ba matsala ba ne, akwai kusan miligiram 33 a kowace lita ta ruwan teku. Tiritiyam ne ke da wuya. Rabinsa kan lalace duk bayan shekara 12.3, kuma abin da ke hannun farar hula a duniya kilo 'yan gomomi ne, yawancinsa daga tashoshin nukiliyar Kanada da ake kira CANDU. Dole kowace tashar haɗewa ta haifi nata daga litiyam da za a jera a bangonta, abin da ba a taɓa gwadawa a babban sikeli ba. Ga kuma niyutiron da ke cinye ƙarfin ƙarfen bangon a hankali.

Tasiri ga al'umma

Masu goyon baya na kafa hujja da cewa injin ba ya fitar da hayaƙin kabon, ba ya jiran rana ko iska, kuma man da ke cikinsa a kowane lokaci giram kaɗan ne, ta yadda idan wani abu ya lalace filasmar mutuwa take yi nan take. Haɗari irin na fashewar tashar nukiliyar Chernobyl ba zai yiwu ba. Shara dai akwai ta, domin sassan injin kan ɗauki burbushin nukiliya, amma ana hasashen yawancinta za ta huce cikin kusan shekara 100 maimakon dubbai. Idan wutar ta yi arha, ana ganin za ta taimaka wajen tace ruwan teku da haɗa takin zamani. Birtaniya ta zaɓi West Burton, inda tsohuwar tashar kwal take, don gina tashar gwajinta STEP wajajen 2040, da fatan maido da ayyukan yi a yankin.

Masu suka na cewa yawan mai ba shi ne arhar wuta ba, tunda kusan duk kuɗin a ginin injin yake. Suna kuma nuni da cewa ƙasashe da dama sun yi alƙawarin daina ƙara kabon a sararin sama nan da 2050, tashoshin kasuwanci kuwa da wuya su yawaita kafin lokacin, ga shi farashin wutar sola ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Batun wanda zai amfana bai sami kulawa sosai ba. Kusan mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki, kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya cikin mambobin ITER. Babbar tasha tana buƙatar layin rarraba wuta mai ƙwari da ƙwararrun ma'aikata, waɗanda su ne ainihin abin da ya yi ƙaranci a ƙasashen da suka fi buƙatar wutar.

Ta fuskar makamai, ana ɗaukar haɗarin bai kai na tashoshin yuraniyam ba, ko da yake ana amfani da tiritiyam wajen ƙara wa bam ƙarfi.

Dokoki

A 2023 hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta yanke shawarar ba za ta ɗora wa injinan haɗewa ƙa'idojin tashoshin yuraniyam ba. Birtaniya ma ta yi doka makamanciyar wannan a shekarar.