Zane-zanen Petit Trianon

Zane-zanen Petit Trianon su ne tsofaffin taswirorin gini da na lambu da aka yi da hannu a ƙarni na 18 saboda wani ɗan ƙaramin gidan hutu na sarakunan Faransa da ke cikin harabar fadar Versailles. Ana yawan kawo gidan a matsayin misali na salon ginin nan da ya koma wa tsarin tsoffin Girkawa da Rumawa, wato ginshiƙai da miƙaƙƙun layuka ba tarin ado ba.

Asali

Sarki Louis na 15 ne ya sa aka gina shi tsakanin 1762 da 1768, mai zanen ginin kuma shi ne Ange-Jacques Gabriel. Don Madame de Pompadour, masoyiyar sarkin, aka fara aikin amma ta rasu a 1764 ba ta ga ƙarshensa ba. A 1774 sarki Louis na 16, wanda ya gaje shi, ya ba matarsa Marie Antoinette gidan kyauta.

Yadda zanen yake

Iri uku aka fi samu. Akwai na shimfiɗa, kamar an cire rufi ana leƙen ɗakuna daga sama, akwai na fuskar gini, sai wanda aka yanka ginin gida biyu don a ga benaye da cikin ɗakuna. Da tawada ake ja layi sannan a bi da ruwan fenti sama-sama, inda aka yanka bango galibi sai a shafa masa ja-ja mai haske, a kuma sa inuwa a gefen ginshiƙai har mutum ya ga kamar sun fito daga takardar. A ƙasa akwai ma'auni, ba da mita ba don a lokacin babu ita, da toise ake yi, wanda ya kusa mita 2.

Gidan kusan murabba'i ne, kowace fuska jerin tagogi biyar, amma ba wadda ta yi daidai da 'yar uwarta, ta wajen yamma mai kallon lambu irin na Faransa ita ce mai ginshiƙai huɗu tsayayyu irin na Korinti, wato salon tsoffin Girkawa mai adon ganye a kai. Wani abin sha'awa shi ne teburan cin abinci da aka tsara za su riƙa hawowa daga ƙasa ta cikin daɓe don kada barori su shigo su dami sarki, an tsara su amma ba a taɓa girka su ba.

Lambu

Nan ne zanen ya fi daɗin kallo gaskiya. A zamanin Louis na 15 lambun tsirrai ne na bincike wanda masanin tsirrai Bernard de Jussieu ya jera bisa dangin kowane tsiro. Da sarauniya ta karɓi wurin sai aka tashe shi aka yi lambu irin na Ingila, hanyoyi a karkace da rafi da tafki da tuddai duk na haɗi, mai zanen gini Richard Mique ne ya riƙe aikin. Shi ya zana ƙananan gine-ginen ado na cikin lambun, Temple de l'Amour a wajen 1778 da Belvédère, sai ƙauyen sarauniya da aka fara a 1783, mai gidaje da rufin ciyawa da injin niƙa na ruwa.

Kundayen sarauniya

Marie Antoinette ta sa an haɗa taswirorin Mique da hotunan fenti na Claude-Louis Châtelet a cikin kundaye tana ba manyan baƙi da dangi, cikinsu har da sarki Gustav na 3 na Suwidin. Wanda ta ba ɗan'uwanta Ferdinand, a wajen 1786, yana ɗakin karatu na Estense a Modena ta Italiya. Darajarsu ita ce sun nuna lambun kafin juyin juya halin Faransa da ya fara a 1789, wanda a cikinsa aka fille wa shi kansa Mique kai a 1794.

Taƙaddama

Kuɗin da lambun ya ci ya jawo wa sarauniya baƙin jini. Masana tarihi sun saɓa kan yadda aka zuzuta abin.

A yau

Da yawa daga takardun ofishin gine-ginen sarki suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Faransa, masu gyaran gidan suna komawa gare su.