Biri ya yi kama da mutum: waiwaye kan binciken Albert Sabin da ɗigon shan inna

A ƙauyukan Sumaila da Takai da Birnin Kudu babu uwar da ba ta san masu ɗigon foliyo ba. Mata ne da akwatin sanyi a rataye, suna shiga gida-gida da rakiyar ɗan aiken mai unguwa, su ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, sannan su yi rubutu da alli a jikin katanga su wuce. An sha yin gardama a majalisu kan abin da ke cikin wannan 'yar kwalba, amma ba kasafai ake jin wanda ya tambayi yadda aka yi aka gane cewa ƙwayar cutar da ke cikinta ba za ta shanye ƙafar yaro ba. Amsar tana wurin birai, dubban birai, da kuma wani likita mai suna Albert Sabin wanda ya shafe kusan shekara 30 yana aiki da su, suna shiryar da shi a wani lokaci, suna ɓatar da shi a wani.

Dalilin shigar biri cikin lamarin shi ne cewa ƙwayar cutar shan inna ba ta kama akuya ko kaza ko zomo, mutum take kamawa, sai kuma dabbobin da suka fi kusa da shi a halitta. A shekarar 1908, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner da Erwin Popper suka ɗebi lakar gadon bayan wani yaro da cutar ta kashe, suka yi wa birai biyu allura da ita, sai ga irin lahanin da ake gani a lakar yara ya bayyana a tasu. Wannan Landsteiner shi ne wanda ya gano rukunonin jini, kuma fositif da negatif ɗin da ake gaya wa mai juna biyu a wurin awo sun samo sunansu na asali ne daga wani birin Indiya da ake kira resus, irin birin da ya zama jigon binciken shan inna.

An haifi Sabin a 1906 a garin Bialystok, wanda yake cikin ƙasar Folan a yau, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka a 1921, ya kammala karatun likita a Jami'ar Niyok a 1931, shekarar da annobar shan inna ta yi wa birnin kamun kazar kuku. Darasin farko da biri ya koya masa ba na shan inna ba ne. A 1932 wani biri ya ciji abokin aikinsa, matashin likita William Brebner, a hannu, cizon da kowa ya raina, amma cikin 'yan makonni jikinsa ya shanye ya mutu. Sabin ya gano ƙwayar cutar da ta kashe shi, aka raɗa mata suna B saboda harafin farko na sunan mamacin. Abin lura shi ne cewa wannan ƙwaya ba ta yi wa birin da ke ɗauke da ita wata illa ta a-zo-a-gani, alhali idan ta shiga jikin mutum tana iya kai wa ga ƙwaƙwalwa. Ke nan garkuwar jikin biri da ta mutum ba lallai su yi wa cuta guda tarba iri ɗaya ba.

Sai dai masana na wancan zamani ba su ɗauki wannan gargaɗi da nauyin da ya kamata ba, kuma a nan ne tarihin ya fi ban takaici. Simon Flexner, shugaban Cibiyar Rockefeller kuma babban malamin wannan fage, ya daɗe yana ɗaukar ƙwayar shan inna daga ƙwaƙwalwar wannan biri yana zuba ta a ƙwaƙwalwar wancan, shekara da shekaru, har ƙwayar ta sauya hali ta saba da zama a jijiya kaɗai. Da aka ba birin resus ita ta baki bai kamu ba, da aka zuba masa a hanci ya kamu, sai aka yanke hukunci cewa ta hanci cutar ke shiga jikin yaro ta bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. A kan wannan kuskure aka fesa wa yara wajen 5,000 wani sinadari a hanci a birnin Toronto a 1937 don a toshe wa cutar hanya. Bai hana ta ba, wasu yaran ma suka daina jin ƙanshi da wari. Tun a 1911 zuwa 1912 masu bincike a Suwidin, ƙarƙashin Carl Kling, sun riga sun ga ƙwayar a hanjin mutane, amma maganar babban malami ta danne tasu. Shi kansa Sabin bai tsira ba, domin a 1936 shi da Peter Olitsky sun gwada raino ƙwayar a cikin kwalba, ta ƙi tsirowa sai a kan naman jijiya, suka ba da rahoton haka, ba tare da sanin cewa irin ƙwayar Flexner da suka yi amfani da ita ce ta yaudare su ba.

Abin da ya fitar da shi daga wannan ruɗu shi ne komawa ga jikin mutum. Bayan ya koma asibitin yara na Sinsinati a 1939, shi da Robert Ward suka riƙa bincikar gawarwakin waɗanda shan inna ya kashe, gaɓa bayan gaɓa, kuma a 1941 suka nuna cewa ƙwayar tana jibge a maƙogwaro da hanji, ba a hanci ba. Cuta ce ta baki da bayan gida, tana tafiya da ƙazantaccen ruwa da hannun da ba a wanke ba. Wanda ya san yadda damina ke haɗa ruwan kududdufi da na rijiyar da ba ta da murfi a karkararmu ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A daidai lokacin David Bodian da Howard Howe na Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa cimfanzi, wato babban birin nan marar wutsiya, yana kamuwa idan ya haɗiyi ƙwayar, kuma a 1952 Dorothy Horstmann ta Jami'ar Yale ta tabbatar a jikin birai cewa ƙwayar tana ratsa jini kafin ta isa laka, wanda ke nufin garkuwar jiki na da damar tare ta a hanya. An kuma halaka birai sama da 17,000 tsakanin 1949 da 1951 kafin a tabbatar cewa ƙwayar iri uku ce.

Wani mai bincike a Amurka, Jonas Salk, ya bi hanyar kashe ƙwayar a yi allura da ita, aka sanar da nasarar gwajinsa a ranar 12 ga Afrilu 1955. Sabin kuwa ya nace cewa tunda a hanji cutar ke sauka, a hanji ya kamata a gina mata katanga, da ƙwaya mai rai wadda aka karya lagonta. A nan ne ƙwarewarsa da birai ta yi rana. Ya lura cewa lakar ƙaramin biri ta fi ta cimfanzi saurin lalacewa idan ƙwayar ta taɓa ta, amma a hanji abin a juye yake: hanjin mutum ya fi na cimfanzi karɓar ƙwayar, na cimfanzi kuma ya fi na ƙaramin biri. Saboda haka sai ya riƙa raino ƙwayoyin a kan naman ƙodar biri, yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa birai allurarsu kai tsaye a laka da ƙwaƙwalwa. Wadda ta shanye biri a jefar, wadda ta kasa a ajiye, sannan a ba cimfanzi ta baki a ga ko za ta zauna a hanji ta tayar da garkuwa. A wani rahoto da ya fitar a 1956 ya lissafa birai kimanin 9,000 da cimfanzi 150 da mutane 133 da aka yi gwaji a kansu. Da yawa daga mutanen fursunoni ne a Chillicothe ta jihar Ohayo, kuma a ganina yardar wanda ke kulle ba cikakkiyar yarda ba ce, ko da yake Sabin ya sha ɗigon da kansa ya kuma ba iyalinsa.

Da yake Amurka ta riga ta rungumi allurar Salk, a Tarayyar Sobiyet aka yi babban gwajin, inda Mikhail Chumakov ya ba miliyoyin mutane ɗigon a 1959. Amurka ta amince da shi daga 1961, Sabin bai yi rajistar mallakarsa don neman kuɗi ba, kuma a 1972 ya miƙa irin ƙwayoyin ga Hukumar Lafiya ta Duniya.

Dogaro da biri ya zo da nasa wahalhalu. A 1960 aka gano cewa ƙodar birin resus na ɗauke da wata ƙwaya, SV40, wadda ta shiga cikin wasu rigakafin farko. Aka tsaurara tacewa, aka koma ga ƙodar wani birin Afirka, kuma binciken shekaru masu yawa bai tabbatar da cewa ta jawo wa mutane ciwon daji ba. Indiya ma ta hana fitar da biranta a 1978. Wannan labari ba ɓoyayye ba ne, kuma da an riƙa faɗa wa jama'a irinsa a fili, tare da yadda aka gyara, wataƙila da zargin da ya sa gwamnatin Kano ta dakatar da ɗigon a 2003 bai sami gindin zama haka ba, musamman a jihar da ba ta manta da gwajin maganin Trovan na lokacin sanƙarau a 1996 ba. An ci gaba da ɗigon a Yulin 2004 da rigakafin da aka sayo daga Indonesiya, amma kafin nan cutar ta riga ta fara tsallakawa zuwa wasu ƙasashe, har daga baya suka kai kusan 20. Yaro na ƙarshe da ƙwayar asali, wato wadda ba daga ɗigon ta samo tushe ba, ta shanye a jihar Kano a ƙaramar hukumar Sumaila yake, ranar 24 ga Yuli 2014. Bayan ɓullar da aka samu a Borno a 2016, an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar asali ranar 25 ga Agusta 2020.

Abin da ya rage yanzu rauni ne da Sabin ya san da shi tun farko, domin ya ga cewa ƙwayar ɗigon da ta ratsa hanjin mutum ta fito a bayan gida takan ɗan dawo da ƙarfinta idan aka sake gwada ta a lakar biri. Inda yawancin yara suka sami ɗigo, ƙwayar ba ta samun wurin zuwa, sai ta mutu. Inda aka tsallake gidaje da rugage da yawa, takan yi ta yawo daga hanji zuwa hanji na watanni har ta sake koyon shanye ƙafa, kuma irin wannan ce ake fama da ita a Arewa a yau, shekaru bayan mutuwar Sabin a 1993. Don magance ta aka ƙera sabon ɗigo mai wuyar rikiɗa, wanda Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da shi a Maris 2021.

Shi kuwa biri, an rage masa nauyi. Tun farkon shekarun 1990 masana suka samar da ɓeraye waɗanda aka dasa musu ƙofar da ƙwayar ke bi ta shiga jikin mutum, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa gwada rigakafin a kansu. Idan ƙafar yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ta saki farat ɗaya a wani ƙauye na Kano ko Jigawa, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma yakan karɓi bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, a sa a akwatin sanyi zuwa ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri, inda ake zuba shi a kan ƙwayoyin halittar mutum da na ɓera waɗanda aka dasa musu waccan ƙofar a jira a ga abin da zai tsiro.