Bayan gidana ba ya nutsewa, ciwo ne?

Na amsa wannan tambaya har na gaji, amma kullum sai wani ya sake zuwa da ita hankali a tashe.

Me ke sa bayan gida ya taso saman ruwa?

Iska. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a babban hanji suna cin ragowar abinci su fitar da iska, ita ce ke maƙalewa a ciki ya yi sakayau. Tun 1972 likitoci biyu a Amurka, Levitt da Duane, suka nuna haka.

Basir ne?

Babu ruwan basir. Komai aka gani sai a ce basir!

Ciwon daji fa?

Tasowar kaɗai ba ta nuna haka. Kwantar da hankalinka, ka daina raba dare kana bincike a intanet.

To yaushe zan damu?

Nan ne ba na son gaggawa. Wani lokaci ba iska ba ce, maiƙo ne da hanji ya kasa tsotsewa. Irin wannan yakan fito fari-fari, da yawa, da wari mai tsanani, ya manne jikin masai ko an kora ruwa, har ka ga ɗigon mai yana yawo a sama. Yana iya zama daga matsalar fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, ko toshewar hanyar ruwan matsarmama, ko cutar siliyak ta masu rashin jituwa da alkama, ko ƙwayar giyadiya da ake sha a gurɓataccen ruwa. Maganin rage ƙiba na orlistat ma yana jawo shi. Sai dai ido na iya yaudara. A ɗakin gwaji ake auna maiƙon, a ga ko ya haura giram 7 a yini. Idan kwana biyu ne bayan ka ci wake ko ka sha madara, jira ka gani. Idan ya wuce mako biyu, ko kana rama ba dalili, ko idonka ya yi ɗorawa fitsari ya yi duhu, ko ka ga jini a bayan gidan, ko ya fito baƙi kamar kwalta, je asibiti. Jinin da baƙin ba a jira su ko kwana ɗaya.

In daina cin wake da ganye?

Kar ka soma. Hanjinka na bukatarsu.

In sha maganin wankin ciki?

A'a. Me za ka wanke? Gudawa kawai za ka jawo wa kanka, ka ɓata wa likita alamar da zai duba.