Jigo da Rikici a Tsofaffin Littattafai: Amsoshin da Na Gaji da Maimaitawa

Tun ina Khartum, kafin yaƙin 2023 ya kwaso mu ya zube a nan Gadarif ta gabashin Sudan, tambayoyin nan suke bina. Yaranmu da suka tashi da Larabci a makaranta da Hausa a tsakar gida, da 'yan Najeriya da Nijar da karatu ya kawo su, kowa da yadda yake jero tasa, amma in ka duba duk kanwar ja ce. Na amsa a aji, na amsa a inuwa wajen mai jabana, wato gahawa, har kofina ya huce, na amsa ta waya da tsakar dare. To ga su a rubuce. Duk wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Malam, mene ne jigo?

Abin da labari ya rataya a kai. Wanda ya taɓa shiga lambu a bakin kogi ya san jigo, itacen nan da ake ɗaura wa guga a ɗebo ruwa. Cire shi ka ga ko za a yi ban-ruwa. Malamanku na Larabci suna cewa fikira ko maudu'i. Shi ke nan.

Ashe ba taƙaita labari ba ne?

A'a. In na tambaye ka jigon *Ruwan Bagaja* ka fara mini da "wai akwai wani mutum a Kwantagora", na san ba mu fara ba tukuna. Wannan ba da labari ne, kuma kakarka ta fi ka iyawa.

To rikici fa?

Shi ne sira'i a bakin Larabawa. Wani yana son abu, wani ya tare masa hanya. Mai tarewar kan zama mutum, kan zama al'ada ko talauci ko hamada, wani lokaci ma zuciyar mai son ce da kanta.

Ɗauki *Jiki Magayi*. Abubakar yana son Zainab, ita ma tana son sa. Malam Shehu mai dukiya ya shigo, aka ba shi ita. Rikici na farko ke nan, kuma a nan yawancinku kuke tsayawa ku rubuta "jigon littafin nan auren dole ne", ku rufe littafi ku tafi kallon ƙwallo. Alhali auren a farkon labari aka ɗaura shi. Sauran littafin duk a kan abin da Abubakar ya yi da baƙin cikinsa ne: ya bar gari ya shiga duniya neman asiri, ya lalata ɗan da aka haifa, yaron ya zama ɓarawo, har ta kai ya kashe ubansa. Shi Abubakar ɗin me ya samu? Ka ƙirga shafukan da aka ba aure, ka ƙirga waɗanda aka ba ramuwar gayya, sannan ka dawo ka gaya mini wanne ne babban jigo wanne ne ƙarami.

Wanne zan fara nema, jigo ko rikici?

Rikici. Kullum rikici. Shi ake gani da ido a shafi, jigo kuwa sai an tace. Wanda ya fara da jigo, abin da ya zo da shi daga gida yake liƙa wa littafi, shi ya sa kowane littafi kuka taɓa sai ku ce "haƙuri" ko "tarbiyya". Ba ƙarya kuka yi ba, amma amsar da ta shiga kowane littafi ba ta gaya mini kome a kan wanda ke hannunka ba.

Wa ya rubuta tsofaffin littattafan nan, kuma yaushe?

Yana jikin bango. Amma tunda buɗe bango ya zama aiki: a 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga nan aka samu *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, da *Ganɗoki* na yayansa Bello Kagara, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, sai *Jiki Magayi* da John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. *Magana Jari Ce* daga baya ya zo, kashi uku, tsakanin 1937 da 1939. Ku riƙe cewa Bature ne ya sa gasar, don makarantun boko kuma aka buga su. Zan dawo kan wannan.

Na karanta wani gajeren labari, babu wanda ya yi faɗa da kowa. Ke nan babu rikici?

'Yata, wa ya gaya miki sai an zare wuƙa? Ku da kuka yi makaranta a ƙasar nan, wanne ne a cikinku bai san labarin Ɗayyib Salih na damƙin dabino ba? Yaro yana ganin babu kamar kakansa a duniya. Ranar da ake saran dabinon maƙwabcinsu Mas'ud, ya tsaya yana kallo aka raba buhunan tsakanin masu bin bashi, kakan nasa na ciki, mai gonar ya tashi ba ko buhu ɗaya, kakan ma ya ƙara masa da cewa da sauran fam hamsin a kansa. Ba a ɗaga wa kowa murya ba. Yaron ya ruga bakin kogi, ya cusa yatsa a maƙogwaro ya amayar da dabinon da ya ci.

Rikicin yana cikin ƙirjin yaron, tsakanin ƙaunar kakansa da abin da idonsa ya gane masa. Gajeren labari ba shi da filin yaƙi, don haka yakan tara abinsa a wuri guda, a abu guda da za ki iya taɓawa. Nemi abin. A nan dabino ne.

Magana Jari Ce labarai ne barkatai. Jigo nawa zan rubuta?

Ba barkatai ba ne, kai ne ka tsallake farko. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, Waziri yana ƙulla yadda zai ga bayan Musa ɗan sarki, aku kuma ba shi da makami sai bakinsa, da labari yake riƙe yaron kada ya fita. Wannan ne babban rikici, a cikinsa aka zuba sauran. Kowane ƙaramin labari da nasa jigon, amma babban ai marubucin ya rubuta maka shi a sunan littafin. Me kuma kake so ya yi maka?

Malam, malaminmu ya ce jigon Shaihu Umar haƙuri da neman ilimi ne. Ni kuwa da na karanta bauta kawai nake gani. Me zan rubuta a jarrabawa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Ba ni da amsa guda da zan miƙa maka, kuma duk wanda ya ba ka guda, ka riƙa sa masa ido.

Malaminka yana da hujja. Labarin daga bakin Umar yake fitowa, yana babban shehi a Rauta, almajiransa sun tambaye shi asalinsa. Mutum ne da aka sace yana ƙarami, Balarabe ɗan kasuwa Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar, ya yi karatu ya zama abin da ya zama. Muryarsa a kwance take daga farko har ƙarshe, ba zagi ba kuka, kome ya same shi ya mayar wa Allah. In ka bi muryar mai ba da labari, inda malaminka ya sauka nan za ka sauka.

Kai ma kana da hujja, kuma a ganina taka ta fi nauyi, ko da yake ba zan rantse ba. Bi rikice-rikicen ɗaya bayan ɗaya ka ga. Me ya kori Makau, mijin uwar Umar, daga gari? Hari aka kai na kamun bayi, fadawa suka yi masa sharrin ya ɓoye wasu. Me ya raba Umar da uwarsa? Sata aka yi don a sayar. Uwar ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa, aka ƙetara hamada da ita, ta sha wuya, ta gan shi da ƙyar, ba ta daɗe ba ta rasu. Cire bauta daga littafin nan, ba abin da zai motsa. Cire karatun Umar, labarin uwar yana nan daram. Na ce maka jigo shi ne abin da in an cire ba a ban-ruwa, ko ba haka ba?

Sai dai ga inda nake taka-tsantsan. Littafin bai tsaya ko'ina ya yi huɗuba a kan bauta ba. Abdulkarim da ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, shi ma a cikin cinikin yake, kuma ba a zana shi a matsayin mugu ba. Wasu na cewa wannan shirun gwaninta ce, an bar wahalar uwar ta yi magana da kanta. Wasu na cewa marubucin yana nuna zamanin ne yadda tsofaffi suka ba shi labari, ba tare da ya yanke hukunci ba. Ka tuna Tafawa Ɓalewa an haife shi a 1912, malamin makaranta ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai lokacin da ya rubuta, Firayim Minista bai zo ba sai 1957. Kada ka ɗora wa saurayin nan maganganun da dattijon siyasa ya yi daga baya. Ni kaina na karanta shi ina saurayi na ga haƙuri, na sake karantawa da furfura na kasa wuce shafukan uwar.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu na nan. Yaron da ya tashi a Sudan ya san kalmar da ake jifan baƙar fata da ita in rai ya ɓaci, ya san yadda "Fallata" ko "Takari", sunayen da ake kiran mutanenmu da su a nan, kan fito daga wani bakin. Ba mamaki idonka ya fi na ɗan Bauci saurin sauka a kan bauta. Wannan ba laifi ba ne. Amma kada ka rubuta ciwonka ka ce littafi ne ya faɗa. Abin da ke shafi shi za ka kawo.

To jarrabawa. In malamin mai sauraro ne, rubuta bauta a matsayin babban jigo, ka kawo misalan nan uku, sannan ka ce haƙuri da ilimi su ne hanyar da tauraron ya bi ya tsira, ka ba su matsayin ƙananan jigogi. In kuwa ka san shi da cewa abin da ya faɗa a aji shi yake so ya gani a takarda, fara da nasa, ka warware shi da kyau, sannan ka buɗe sakin layi ka ce ana kuma iya kallon littafin ta wata fuska. Ba munafunci ba ne, duka biyun suna cikin littafin. Kai ka san malaminka, ni ban san shi ba. Kada dai ka faɗi jarrabawa ka ce Malam na Gadarif ne ya sa ka.

Ni ɗan Mai Wurno ne. Ganɗoki ya ba ni haushi.

Na sani, ɗana, ba kai ne na farko ba. Kakanninku sun bar ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, suka biyo ɗansa Mai Wurno, wanda garinku ya ci sunansa, har bakin Shuɗin Nilu don kada su zauna a ƙarƙashin Nasara. Sai ga littafi ya ɗauki jarumi ya sa shi ya yaƙi Turawa, ya tura shi gabas, ya shigar da shi duniyar aljannu, ya dawo da shi gida ƙasa tana hannun waɗanda ya yaƙa. Haushin naka abin nazari ne. Tambayi kanka me ya sa rikicin ya tashi daga Turawa ya koma kan aljannu da dodanni, sannan ka tuna wa ya sa gasar. Rubuta wannan da hujja, ban da zagin marubuci.

Zan iya kwatanta littafin Hausa da na Larabci?

Ƙwarai, ku ne ma kuka fi kowa dacewa da wannan aikin. Ajiye Zainab ta *Jiki Magayi* kusa da Husna 'yar Mahmud ta *Mausimul Hijra* na Ɗayyib Salih, wanda ya fito a 1966. Dukansu an ba da su ga wanda ba shi suke so ba. A ɗaya namijin da aka ƙwace wa ne ya ɗauki fansa, a ɗaya matar ce ta kashe Wad Rayyis, tsohon da aka aura mata, ta kashe kanta. Wa marubuci ya damƙa wa wuƙar? Fara daga nan.

Dole ne in rufe da darasin da aka koya?

In an tambaye ka. In ba a tambaye ka ba, bar wa liman aikinsa. A cikin *Ruwan Bagaja* Malam Zurƙe ɗan Muhamman da Alhaji Imam sun yi ta damfarar juna gari bayan gari, kowa ya yi dariya, kai kuma ka zo ka rubuta mini "wannan yana koya mana illar ha'inci". Ka yi dariyar ko ba ka yi ba?

A ina zan samu littattafan?

Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, ba na man fetur ba, shi ne ke buga su. Roƙi mai zuwa Kano ya riƙo maka, ba su da nauyi. Nawa yawancinsu suna can Khartum a cikin kwali, in kwalin yana nan. Wanda kuma ya ari *Magana Jari Ce* na biyu a hannuna tun kafin azumi, mai bangon da aka liƙe da salatif, ya san kansa. Ina nan wajen mai jabana bayan la'asar.