Battar katako mai murfi da ake sassaƙawa a injin juyi

Battar katako mai murfi ƙaramin mazubi ne kewayayye wanda ake fitar da jikinsa da murfinsa daga guntun itace guda a kan injin juyi. Shi wannan inji damƙe itacen yake yi yana jujjuya shi da gudu, masassaƙi kuma ya ɗora kurfinsa a kan wani ƙarfe mai tallafe hannu, yana ɗebe abin da ba ya so kaɗan-kaɗan. Yawancin battocin faɗinsu bai wuce santimita 5 zuwa 10 ba, ana zuba musu ganyen shayi, zobba, allurai ko kayan kwalliya. Masu sana'ar da ita suke gwada gwanintar mutum. Akushi in ya ɗan karkace ba lallai a lura ba, amma murfi ko dai ya zauna ko kuwa bai zauna ba.

Tarihi

Ɗaya daga cikin tsofaffin zane-zanen injin juyi yana kabarin Petosiris a Tuna el-Gebel ta ƙasar Masar, tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutum biyu ne a zanen, ɗaya yana jan igiyar da ke juya itacen, ɗaya yana riƙe da kurfi. Daga baya aka samu mai juyawa da baka, wanda har yau akan ga masu aiki da shi a kasuwar Marrakesh ta Maroko, hannu ɗaya na jan bakan, yatsun ƙafa na taya ɗaya hannun riƙe kurfi. A Turai kuwa an daɗe ana amfani da wanda ake takawa da ƙafa. Kamfanin Holtzapffel da aka kafa a Landan a 1794 ya yi suna da injunan da ke yi wa battoci ado mai sarƙaƙiya, a kan hauren giwa da itatuwa masu tauri. Yanzu lantarki ne ke juya mafi yawansu.

Itace da halinsa

Duk wahalar wannan aiki daga abu guda take: itace ba ya daina motsi ko bayan an sare shi. Yana shan raɓar iska ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kamar yadda ƙofar katako ke cijewa da damina ta saki da hunturu. Kuma ba daidai yake tsukewa ta ko'ina ba. Ta tsawon jijiya, wato layukan da ke bin tsayin itacen, kusan ba ya motsi. Ta gefe ne yake yi, a nan ma tsukewar da ke bin zoben shekaru (da'irorin da ake gani a yankakken kututture) takan kusan ninka wadda ke tafiya daga ɓargo zuwa ɓawo. Saboda haka ake yanka guntun batta ta yadda jijiyarsa za ta bi tsayin battar, daga gindi zuwa murfi. Idan aka yanka a gicciye, bakin battar zai koma siffar ƙwai bayan 'yan watanni, murfin ya riƙa shiga ta fuska ɗaya kawai.

Ko an yanka daidai, sai itacen ya bushe sosai. Masu haƙuri sukan fara rarake shi sama-sama, su bar bango da kauri, su ajiye makonni ko watanni ya gama motsinsa kafin su koma kansa. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan ga sakamakon a hannun mai saye.

Itacen da ya fi dacewa shi ne mai tauri da ƙananan ƙofofin jiki. Turawa sun fi son wani itace mai ruwan ɗorawa, boxwood da Turanci, da Girkawan dā ma suke yin battoci da shi, sai kuma baƙin itacen gabashin Afirka da mutanen Tanzaniya ke kira mpingo, wanda cinikinsa tsakanin ƙasashe ya shiga ƙarƙashin dokar CITES, yarjejeniyar duniya mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, a 2017.

Yadda ake yi

Da farko a kan kafa guntun tsakanin tsinin injin guda biyu, a daidaita shi ya zama kewayayye, a fitar da ɗan wuya a kowane ƙarshe wanda mariƙin injin zai kama. Sai a raba shi biyu da siririn kurfi, murfi ya ɗauki kamar kashi ɗaya cikin uku. Sirantar wannan yanka tana da muhimmanci, domin duk itacen da ya zama gari a tsakani raguwa ce ga haɗuwar zanen jijiya idan an rufe battar.

Murfi ake fara yi, ba jiki ba. A rarake cikinsa, a yanka gurbin da zai hau kan jikin, a goge da samfefa a gama da shi. Bangon wannan gurbi dole ya miƙe sak. In ya buɗe ta waje murfin zai riƙa tashi da kansa, in ya buɗe ta ciki zai cije a baki sannan ya yi sako-sako idan ya sauka. Dalilin fara murfi shi ne rage wuyan jikin battar da murfi zai hau, wanda ke waje, ya fi sauƙin gani da aunawa fiye da faɗaɗa ramin da ke ciki.

Daga nan a ɗaura jikin, a soma fitar da wuyan da murfi zai hau. Nan ne aikin yake. Masassaƙi yakan ɗan fiƙe bakin wuyan, ya tsayar da inji, ya gwada murfi, ya duba inda ya bar alamar gugawa, ya ƙara ɗebe abin da bai kai kaurin takarda ba, ya sake gwadawa. Yanka ɗaya da ya wuce kima ya isa ya ɓata komai, tunda ba a mayar da itacen da aka ɗebe. A wannan lokaci da gangan ake barin murfin ya cije, saboda jikin ne zai riƙe shi yayin da ake sassaƙa bayansu tare, jijiya na fuskantar jijiya. Bayan an gama saman murfi sai a cire shi, a rarake cikin jikin, a sassauta wuyan yadda ake so. A ƙarshe a kife jikin a kan wani guntun itace da aka yanka daidai bakinsa, a gyara gindin ya ɗan lotsa domin battar ta zauna ba tangaɗi.

Zafin samfefa kan busar da siririn wuya ya rage shi, shi ya sa ake bari ya huce kafin gwajin ƙarshe. Masassaƙi kuma ba ya rabuwa da garkuwar fuska da abin toshe hanci, ba ya kusantar inji da hannun riga mai faɗi.

Zaman murfi

Babu zama ɗaya da ya dace da kowace batta. Masu baje kolin gwaninta suna son murfin da ke yin ɗan ƙara in an zare shi, amma battar da ke kan teburin kwalliya ta fi son wanda za a ɗaga da hannu ɗaya. Battar aljihu kuwa akan yanka mata zare kamar na noti, aikin da itace mai tsananin tauri kaɗai ke jurewa.

A Japan da Rasha

Garin Yamanaka da ke yankin Ishikawa a Japan ya shahara da wannan sana'a tun ƙarshen ƙarni na 16. Masassaƙansa suna yanka itace bisa tsayin jijiya, kuma su ke ƙera kurfinsu da kansu. Cikin abin da suke yi akwai natsume, battar garin shayi da ake shafe ta da ƙaron bishiyar urushi. A 1994 gwamnatin Japan ta sanya ɗan garin, Kawakita Ryozo, cikin gwanayen da take ɗauka taskar ƙasa tun suna raye.

'Yar tsanar Rasha da ake kira matryoshka ita ma jerin battoci ce, wata cikin wata. Vasily Zvyozdochkin ne ya sassaƙa ta farko a shekarun 1890, Sergey Malyutin ya zana ta. Masassaƙan Rasha sun mai da motsin itace abin amfani: sukan yi rabin ƙasa da busasshen itace, rabin sama da wanda ke da sauran danshi, in na saman ya bushe sai ya tsuke ya kama na ƙasan.