Goge Keɓaɓɓen Muhalli a Poetry

Poetry manhaja ce ta sarrafa fakitoci, wato shiryayyun lambobi, da shirin da aka rubuta da yaren kwamfuta na Python ke dogara da su. Sébastien Eustace ne ya fito da ita a 2018. Daga cikin ayyukanta akwai buɗe wa kowane aiki keɓaɓɓen muhalli, wato folda mai ɗauke da nata Python da nata fakitoci, don kada kayan wannan aiki su cakuɗe da na wancan. Goge muhallin ba ya taɓa lambobin shirin, kuma ba ya taɓa `pyproject.toml` ko `poetry.lock`, fayilolin da ke riƙe da jerin fakitocin aikin da sigoginsu. Da waɗannan fayiloli biyu, umarnin `poetry install` zai sake gina muhallin kamar yadda yake a da.

Inda muhallin yake

In ba a sauya saiti ba, Poetry ba ta ajiye muhallin cikin foldar aikin. A Linux tana kai shi `~/.cache/pypoetry/virtualenvs`, a macOS kuma `~/Library/Caches/pypoetry/virtualenvs`. Sunan da take laƙaba masa kashi uku ne: sunan aikin, sai haruffa takwas da take samarwa daga adireshin foldar, sai sigar Python. Aikin da ake kira kasuwa, alal misali, muhallinsa zai fara da `kasuwa-` ya ƙare da `-py3.11`.

Yadda ake gogewa

Sai an shiga foldar aikin tukuna. Umarnin `poetry env list` yana nuna muhallan da ke rataye da aikin, don aiki ɗaya kan tara biyu ko uku idan an gwada shi da sigogin Python daban-daban. Daga nan `poetry env remove 3.11` zai cire na wannan sigar. Ana kuma iya rubuta cikakken sunan muhallin. Siga ta 1.2, wadda ta fito a 2022, ta zo da `poetry env remove --all`, mai share su baki ɗaya. Wanda ya kunna muhallin a tagar umarninsa, gara ya fara rubuta `deactivate`, in ba haka ba tagar za ta ci gaba da nuni zuwa foldar da babu ita.

Marayun muhallai

A nan ne gizo ke saƙar. Tunda haruffa takwas ɗin nan daga adireshi suke fitowa, da zarar an sauya wa foldar aiki suna ko an matsar da ita, Poetry sai ta ɗauka sabon aiki ne, ta buɗe masa sabon muhalli. Tsohon yana nan zaune, `poetry env list` ba ya ganinsa, `--all` ma ba ya kai gare shi. Haka yake idan an goge foldar aikin kafin a cire muhallin. Muhalli ɗaya mai ɗauke da babban fakiti irin PyTorch kan iya cin gigabait da yawa, shi ya sa wasu ba sa ankara sai faifan kwamfuta ya cika maƙil. Maganinsa shi ne a buɗe foldar `virtualenvs` a goge marayun da hannu, kuma babu wata illa a yin hakan.

Mai gudun wannan wahala sai ya sa `poetry config virtualenvs.in-project true`. Daga nan sabon muhalli zai zauna a `.venv` cikin aikin, ya tafi tare da shi ranar da aka goge foldar.

Ma'ajiyar fakitocin da aka sauko da su daga intanet daban take, kuma `poetry cache clear` ne ke share ta. Pipenv da Conda wasu manhajoji ne irin Poetry: a Pipenv, umarnin goge muhalli shi ne `pipenv --rm`, a Conda kuwa `conda env remove`.